Yadda Za Ka Kalli Zanen Tsuntsayen Gidajen Attajiran Holan

Sana'ata fenti ce. Na haura shekara 20 ina rubuta allunan shaguna, ina zana mikiya da ɗawisu a bayan manyan motoci, a gida kuma tun ina yaro ban rabu da kiwon kaji da tattabaru ba. Wani dare bayan isha'i ina laluben hoton gauraka a waya, saboda wani direba ya ce shi yake so a ƙofar motarsa, sai na ci karo da wani zane da aka yi a ƙasar Holan wajen shekarar 1680. Ga kwasakwasa a gaba ta cika wuri, ga agwagi iri-iri a bakin ruwa, can baya kuma ga gaurakanmu a tsaye da tukkunsa ruwan zinariya. Ranar ban runtsa ba sai da dare ya raba. Tun daga nan nake bibiyar irin waɗannan zane-zane, kuma abin da na koya game da kallonsu shi zan shimfiɗa a nan, don kada wani ya buɗe ɗaya ya ce "ai kaji ne kawai" ya wuce.

Mai zanen sunansa Melchior d'Hondecoeter, ana furta shi kamar Hondekuta. An haife shi a Utrecht a 1636, ya rasu a Amstadam a 1695. Gadon gida ya yi. Kakansa Gillis mai zane ne, mahaifinsa Gijsbert ma kaji da agwagi yake zanawa, da mahaifin ya rasu kuma mijin gwaggonsa, Jan Baptist Weenix, ya ci gaba da koyar da shi. Akwai wasu da suka yi irin wannan aiki, amma da shi ya kamata ka fara, don shi ne uban tafiyar.

Abu na farko, samo hoton kirki. Kada ka dogara da wanda aka yi ta turawa a WhatsApp har ya dushe, domin duk abin da zan nuna maka a ƙananan wurare yake. Shiga shafin intanet na Rijksmuseum, babban gidan adana zane-zane na Amstadam, ka rubuta Hondecoeter a wurin bincike. Suna barin mutum ya sauke hoton da girmansa kyauta. Guda biyu za ka fara nema. Ɗaya shi ne wanda ya hana ni barci, 'yan Holan suna ce masa Het drijvend veertje, wato ɗan gashin da ke yawo a kan ruwa. Ɗayan kuma De Menagerie, wato wurin ajiye dabbobi, an yi shi wajen 1690. In kana da kwamfuta ta fi, in babu waya ma ta isa, amma ka ƙara hasken fuskarta ka zauna a inuwa. Kuma ka daure kada ka karanta bayanin da ke ƙasa tukuna. Bar idonka ya fara cin rabonsa.

Daga nan sai ka tashi tsaye ka ɗauko tef ɗin awo. Waya tana mayar da kowane zane girman tafin hannu, nan ne kuma mutum yake fara ɓata. Zanen kwasakwasar nan tsayinsa santimita 159 ne, faɗinsa 144. Auna wannan a bangon ɗakinka, ka ɗan sa alama da alli a kusurwoyi huɗu, ka ja baya ka duba. Za ka ga kusan girman ƙyauren shago ne. Ka tuna kuma ba don gidan tarihi aka yi shi ba. Kayan ɗaki ne, kamar labule da darduma. Attajiran Amstadam na wancan zamani suna da dogayen gidaje a bakin hanyoyin ruwan da aka haƙa a cikin gari, suna kuma da gidajen hutu a bayan gari, musamman a gaɓar kogin Vecht, inda suke komawa in zafi ya shigo. A irin waɗannan gidaje akwai wurare da aka san zane ne ke cike su: saman murhun ɗumama ɗaki, saman ƙofa, wani lokaci ma bango guda daga kusurwa zuwa kusurwa. Mai gida zai ba da awon wurin, mai zane ya yi aiki daidai da shi. Waɗannan biyun da ka sauke ba na ɗan kasuwa ba ne ma, na Wiliyam na Uku ne, wanda ya zama shugaban Holan a 1672 kuma sarkin Ingila a 1689, an yi su ne don fadarsa ta Het Loo da ke Apeldoorn. De Menagerie a saman ƙofar ɗakinsa na musamman aka kafa shi.

Sai da na san wannan sannan na gane abin da ya dame ni a zanen De Menagerie. Na kai hoton wurin masu buga bana suka fitar mini da shi kusa da girmansa na asali, na jingine shi a ƙasa a shago. Kwana biyu ina wucewa ina jin wani abu bai zauna ba, kamar tsuntsayen sun hau wuri mai tsawo alhali ni nake kallonsu daga sama. Rana ta uku na sa yarona ya hau tsani ya riƙe shi a saman ƙofar shagon. Nan take komai ya koma wurinsa. Akun da ke kan dutse ya zama yana leƙo ni, sararin sama da ke bayansu ya zama kamar an huda bango. Ba sai ka kashe kuɗin bana ba. Ɗaga wayar sama da kanka, ka miƙe hannu, ka kalle ta daga ƙasa. Duba kuma ta ina haske ya faɗo wa tsuntsayen, domin wanda aka kira ya yi wa ɗaki zane yakan lura da inda taga take, ya sa inuwar cikin zanen ta bi ta ɗakin. Maganar ko mutum zai rataye hoton mai rai a gidansa, wannan tsakaninsa da malaminsa ne. Ni kallo nake koyarwa, banar nan ma a naɗe take a shago, sai zan yi nazari nake warware ta.

Yanzu runtse ido rabi, yadda launuka za su haɗe, ka nemi ƙashin zanen. Kusan kullum ginin ɗaya ne. Gefe guda a toshe yake da katanga ko ginshiƙi ko kututturen itace mai duhu, ɗaya gefen a buɗe, ana hango lambu ko ruwa ko wani gida can nesa. Babban tsuntsu mai haske yana tsakiya ko kusa da ita. A sama za ka tarar da wani ƙarami yana shawagi. A gefe kuma sau da yawa akwai wanda bakin zanen ya yanke shi, rabinsa a ciki rabinsa a waje, kamar yanzu ya shigo. Wannan yankan shi ke sa ka ji wurin ya fi abin da aka nuna maka faɗi. Minti ɗaya ya isa wannan mataki.

Inda za ka daɗe shi ne nan gaba. Ajiye tunanin cewa sai wanda ya yi boko mai zurfi yake fahimtar zanen Turawa. Duk wanda ya taɓa watsa wa kaji dawa da safe yana da abin da ake bukata, ya ma fi mai digirin da bai taɓa riƙe kaza ba. Buɗa hoton da yatsu biyu ka bi tsuntsayen ɗaya bayan ɗaya, kana tambayar kanka abin da kowanne yake yi, ba sunansa ba. Nemi zanensa na kaza da 'yan tsaki, yana da su da yawa. Dubi yadda uwar ta saki fiffike ƙasa ta kumbura jiki, ɗan tsako ɗaya ya leƙo ta ƙarƙashinta, wani ya yi nisa bai san ana yi ba. Ka san wannan tsayuwar. Haka kaza take yi in ta ga inuwa ta gifta, kaza mai 'ya'ya ai ita ke gudun shirwa. To ɗaga ido zuwa saman zanen ko gefensa, sau da yawa za ka sami abin da ya tsorata ta. Dubi zakara ya ɗaga ƙafa ɗaya bai sauke ba, ya karkata kai yana kallo da ido guda. Dubi agwagwa ta miƙe wuya ƙasa-ƙasa tana huci. Dubi talotalo ya cika ya batse zai far wa zakara. Bi idon kowane tsuntsu ka ga wa yake kallo, za ka tarar rigima ce ake yi, akwai mai tsokana, akwai mai ramuwa, akwai wanda ya kama gabansa yana kiwo. Ana ba da labarin cewa yana da wani zakara da ya horar har yakan tsaya masa cik yana zanawa. Ni abin da idona ya shaida shi ne, mutumin nan ya zauna da kaji zama mai tsawo. Ba a ƙirƙiro irin wannan tsayuwa da ka.

Matsa kusa sosai, har hoton ya kusa fashewa. Fara da ƙafafu, domin a ƙafa ake kama mai zanen tsuntsu. Mu kanmu in aiki ya yi mana yawa mukan ɓoye ƙafa a cikin ciyawa. Shi yana fito da ita fili, da ɓawonta, da faratanta, da nauyin jiki a kanta, har ka ji tsuntsun ya taka ƙasa da gaske. Sannan ido: ɗigon fari guda ɗaya, ƙarami, a gefen da haske yake. Sannan farar kaza. Wannan ce ta fi koya mini. Na yi shekaru in zan zana farin tsuntsu sai in buɗe gwangwanin fari in shafa. Da na buɗa farar kazarsa sai na ga farin gaske kaɗan ne a jikinta, a gadon baya da gefen fiffike kawai. Sauran duk toka-toka ne, da ruwan ƙasa mai haske, da wani ɗan rawaya-rawaya a ƙarƙashin ciki. Duhun da ya sa a bayanta shi ya mayar da ita fara tas. Ka lura kuma gashin wuya ba irin na fiffike ba ne, na fiffike ba irin na ɗan tsako ba ne, kowanne da yadda buroshi ya bi shi. A Rijksmuseum akwai wani ƙaramin aikinsa, Zeven kuikens, 'yan tsaki bakwai kawai babu komai tare da su. Nemo shi. Nan za ka ga hannunsa tsirara.

Ɗawisu ma ya ba ni darasi. Mu masu zanen mota kullum a baje muke yin wutsiyarsa, don ta cika ƙofa. Shi yawanci yana ɗora ɗawisun a kan katanga ya bar wutsiyar a naɗe ta zubo ƙasa a karkace, kamar jelar rawani. Akwai ɗaya da ya yi a 1683, yana gidan tarihin Metropolitan a Niyok. Wutsiyar ce take jan idonka daga sama har ƙasa, kuma ta fi bajajjiya kwarjini.

Bayan ka gama da halinsu, sai ka ƙirga su ka tambayi garin kowa. A zanen kwasakwasa, baƙin nan mai shuɗin wuya da ƙaho a ka, da ke bayanta ta hagu, shi ne kasuwari, daga tsibiran gabashin Indunusiya da Niyu Gini. Na farko da ya iso Amstadam da rai a 1597 ya zo, a jirgin da ya dawo daga tafiyar farko ta 'yan Holan zuwa can. Ga filamingo mai dogon wuya ruwan hoda. Ga gauraka, wanda gidansa fadamun Afirka ne daga Senegal har tafkin Chadi har Sudan da Habasha. A De Menagerie akwai ƙananan birai biyu daga nahiyar Amurka, da fararen aku biyu masu rawayan tukku, da jan aku ɗaure da sarƙa daga Indunusiya, da akun da muka sani, mai ruwan toka da jar wutsiya, na dazukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Ɗawisu asalinsa Indiya, talotalo Amurka. Wanda ya kafa wannan a ɗakinsa yana gaya wa baƙonsa cewa hannunsa ya kai duk waɗannan wurare. Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Ina yaro akwai gidan wani attajiri a unguwarmu da ake kiwon gauraki biyu da ɗawisu a tsakar gida, mukan leƙa ta zaure mu kalla, kuma ko a lokacin mun san ba don nama aka ajiye su ba.

A nan nake so ka ɗan tsaya kan gaurakan. Tsuntsu ba ya zuwa Amstadam daga wajenmu a wancan zamani sai ta jirgin ruwa. Kasuwancin 'yan Holan na nesa kamfanoni biyu ne suka riƙe shi: na Gabashin Indiya da aka kafa a 1602, mai kayan yaji, da na Yammacin Indiya da aka kafa a 1621, mai Afirka ta Yamma da Amurka. Wannan na biyun ne ya ƙwace ganuwar Elmina, a Ghana ta yau, daga hannun 'yan Fotugal a 1637, kuma Holan ba ta bar wurin ba sai 1872. Zinariya da hauren giwa sun bi ta nan, mutane ma sun bi, a ɗaure, zuwa gonakin rake a ƙetaren teku. Wani kaso na dukiyar da ta gina gidajen da ake kafa waɗannan zane-zane daga nan ya fito. Ina son zanen, ba zan ɓoye ba, amma duk lokacin da na buɗa kan gaurakan nan sai na tuna gaɓar da ya baro da abin da ake lodawa a wurin. Ka riƙe biyun tare in kana kallo. Wani abin da ke ƙara sosa mini rai shi ne, gaurakan nan da ake kira tsuntsun ƙasa a Najeriya yau ya yi ƙaranci a fadamunmu, har na fi saurin ganinsa a zanen Holan.

Kada kuma ka ɗauka waɗannan tsuntsaye sun taɓa tsayawa wuri guda suna jiran mai zane. Wiliyam yana da wuraren ajiye tsuntsayen ƙetare a gidajensa, a Amstadam ma akwai wani masauki da ake kira Blauw Jan inda mutane ke biya su ga baƙin dabbobi, saboda haka akwai inda za a gan su da rai. Amma ɗaiɗai ake nazarinsu, a ajiye samfurin, in aiki ya zo a harhaɗa. Gwada da kanka. Nemo zanen Hondekuta na tsuntsaye a lambu na 1686 da ke gidan tarihin Hermitage a Rasha, ka jera shi da na Amstadam. Kwasakwasar nan ce dai, da tsayuwarta. Ni wannan bai rage masa daraja a idona ba. Ina da mikiya guda a littafina da na ɗora wa motoci fiye da 30, duk mai sana'a yana da irin nata. Halin kowane tsuntsu gaskiya ne, taron ne haɗi.

Za ka ci karo da waɗanda tsuntsayen matattu ne, an rataye su ta ƙafa kusa da bindiga da jakar farauta. Ɗan gwaggonsa Jan Weenix ya fi shahara da su. Dalilinsu shi ne, a Holan ta lokacin farautar manyan namun daji da wasu tsuntsaye haƙƙin masu sarauta ne da manyan jami'ai, ɗan kasuwa kuwa ko ya fi su kuɗi bango kawai yake da shi. Ni ba su cika jan hankalina ba, amma in kana son koyon gashin ƙirji da na ƙarƙashin fiffike, nan ne aka baje su.

Wasu kuma tatsuniya ce a cikinsu. Akwai na Hondekuta na 1671 inda tsuntsaye suka taru a kan hankaka suna fizge gashin da ya ara ya yi ado da shi. Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa wannan, kayan aro ba ya rufe katara. Akwai kuma inda mujiya ta zauna gaban littafin waƙa, sauran tsuntsaye sun kewaye ta kowa ya wangame baki. In ka ga irin wannan, nemi labarin. Amma in kaji ne kawai a tsakar gida, kada ka matsa musu sai sun haifi ma'ana. An taɓa yi wa wani zane haka. Jan Asselijn ya zana wata babbar farar agwagwar ruwa mai dogon wuya wajen 1650, ta baje fiffike tana kare ƙwanta daga kare. Daga baya wasu suka zo suka yi rubutu a kai, suka sa wa ƙwai ɗaya suna Holland, suka kira karen maƙiyin ƙasa, suka mayar da tsuntsuwar babban jami'in gwamnati. Rubutun yana nan har yau. Rufe shi da yatsa ka kalli tsuntsuwar, za ka ga ta ishi kanta.

In ka saba da hannun Hondekuta, sai ka faɗaɗa. A Ingila akwai gidan Belton da ke da ɗaki guda mai sunansa, saboda manyan zanensa uku da suka rufe bangon, kuma hotunan ɗakin suna intanet. Su ne mafi kusa da yadda abin yake a gidan mai shi. Za ka kuma haɗu da waɗanda suka bi sawunsa, irin su Jakob Bogdani da Pieter Casteels da suka yi aiki a Ingila, da Aert Schouman a ƙarni na 18, da tarin kwaikwayo marasa suna da ake jingina masa. Koma kan ƙafa da ido da farar kaza, su za su raba maka.

Na bar gashin da gangan zuwa yanzu. Koma zanen farko, ka bar kwasakwasa da gauraka, ka sauko kan ruwan da ke gaba. Akwai ɗan farin gashi guda, a lanƙwashe, yana yawo. Shi ya ba zanen sunan da aka san shi da shi, kuma in ka duba sauran ayyukansa za ka yi ta tsintar irinsa a ƙasa. Buɗa shi iyakar yadda wayarka za ta iya. Sannan ka shiga akurki ka tsinto gashi ɗaya na ƙirji, mai laushi, ka cika roba baƙa da ruwa, ka ajiye ta a inuwa kusa da ƙofa, ka saki gashin a kai. Tsuguna daidai bakin robar. Za ka ga wuri ɗaya kawai yake taɓa ruwan, sauran ya tashi sama, kuma akwai wani gashin a kife a ƙarƙashinsa wanda ya ɗan fi shi duhu. Riƙe wayar kusa da robar ka gwada su. Ni sau huɗu na sake nawa a kan guntun falanki kafin ya daina nutsewa, kuma a na huɗun ne na gane ƙasan nake cika wa fari.